Motar bashi mara ruwa: Haƙuri ne ko jiran gawon shanu?

A ƙarshen watan Afrilun 2024, ranar da fadar shugaban ƙasa ta sanar da fara shirin bai wa ma'aikata damar sayen kaya bashi, yayana ya kira ni daga Nguru tun ban gama gyara labarin ba. Ko gaisuwar kirki ba mu ƙarasa ba ya jefo tambaya: "Kai da labarai ke bi ta hannunka, gaya mini gaskiya, yaushe za a fara raba motocin nan marasa ruwa?" Na ce masa, "Yaya, takardar tana gabana. Ban ga inda aka ce za a raba mota ba, ban kuma ga inda aka ce babu ruwa ba." Ya yi dariya, ya ce ai kowa a ofishinsu ya ji, kuma shi ya riga ya fasa zuwa Kano duba motar da dillali ya nuna masa.

Yayan nawa ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana da shekara 17 a bakin aiki. Mahaifiyarmu tana Gashuwa, shi yana Nguru, tsakaninsu kilomita 60 da 'yan kai. Tun da jikinta ya fara rauni, duk bayan mako biyu sai an kawo ta ganin likita. Wanda bai taɓa tallabo tsohuwa mai ciwon ƙafa ya cusa ta a Golf ɗin haya, mutum huɗu a baya biyu a gaba, ba zai gane dalilin da ya sa maganar mota ta zame masa abin kwana da tashi ba. A watan Mayun 2023 yana da naira miliyan 3.5 a ajiye, motar da yake so kuma, Corolla 'yar Kwatano, an yi masa kuɗinta miliyan 4. Dubu 500 ce ta raba shi da ita. Abokan aiki suka ce ya dakata, sabuwar gwamnati na tafe da rancen mota ga ma'aikata. Ya dakata.

Na san ba shi kaɗai ba ne. A sakatariyar tarayya da ke Abuja, a harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, akwai masu irin wannan lissafi: a daure da motar haya da Keke Napep na ɗan lokaci, tunda bashin da ba a biyan ko sisin kwabo a kansa yana hanya. Ra'ayina shi ne wannan jira ba shi da tushe, kuma duk wanda ke da buƙatar mota ta gaskiya bai kamata ya ɗora shawararsa a kansa ba. Amma kafin in kawo hujja, ya dace in amsa laifin da ya rataya a wuyan masu irin aikina.

A teburin gyaran labarai, abubuwa uku mabambanta ne suke zuwa mana da Turanci, mu kuma saboda ƙarancin fili a kanun labari sai mu sa musu riga ɗaya: "rance mara ruwa". Akwai bashin da za ka mayar da daidai abin da ka karɓa. Akwai cinikin bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, inda ake sayar maka da kaya a ɗora riba. Akwai kuma rance mai rangwame, wanda ruwansa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mai karatu a Nguru ya ga kanu, ya ɗauka duka ukun abu guda ne, wato a ba ka mota ta miliyan 9 ka biya miliyan 9 a tsawon shekaru. Harshenmu ma ya ƙara dagula lamarin, domin kalmar "riba" a Hausa tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a halastaccen ciniki, alhali mai kama da ita a Larabci ita ce sunan abin da shari'a ta haramta, wanda mu muke kira kuɗin ruwa. Na sha ganin gardama ta kaure a majalisa tsakanin mutum biyu da kowannensu ke da gaskiya, don kawai ba riba ɗaya suke nufi ba.

Sayar da mota bashi ba tare da ƙarin ko kwabo ba abu ne da ake yi, sai dai a kasuwar da ba irin tamu ba. Ya yi fice ne a Amurka bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da mutane suka ƙaurace wa shagunan motoci, kamfanin General Motors ya fito da tayin biya a hankali babu ruwa, Ford da Chrysler suka bi sahu. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta rufe kasuwanni, General Motors ya sake yin haka, har na tsawon wata 84. Abin lura shi ne wanda ke ɗaukar nauyin rangwamen. Kamfanin da ya ƙera motar yana da nasa reshen bayar da bashi, yana da dubban sababbin motoci jibge a fili suna cin kuɗin ajiya, ga samfurin baɗi na tafe. Ya fi masa sauƙi ya yafe ruwan daga cikin ribarsa da ya bar kaya su kwantai. Ko a can ɗin ma, ba kowa ake bai wa ba sai wanda tarihin biyan bashinsa ya yi kyau ƙwarai, kuma sau da yawa zaɓi ake ba mai saye: ko a rage maka farashi ka biya nan take, ko ka ɗauki bashin mara ruwa a kan cikakken farashi. Ashe ruwan na nan, wuri kawai ya sauya.

To a dubi kasuwarmu. Mafi yawan motocin da ma'aikaci ke iya tunkara tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Amurka ko Turai. Dillalin da ke bakin titin Kubwa ko na Kano ba shi ya ƙera su ba. Da dala ya saya, ya biya jirgin ruwa, ya biya kwastam, wataƙila ma jarin nasa na wani ne da ke jiran kasonsa. Ba shi da wata ƙatuwar ribar masana'anta da zai yafe komai daga cikinta. Bankin da zai shiga tsakani kuwa yana kallon ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, wanda ya kai kashi 27.5 cikin 100 a Nuwamban 2024, aka ɗan sassauta shi zuwa 27 a Satumban 2025. Hujjar da ta fi gamsar da ni ma ita ce ta Sukuk. A watan Mayun 2025 Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da Sukuk na naira biliyan 300 don gina hanyoyi, a kan ladan haya na kashi 19.75 cikin 100 a shekara. Wannan gwamnatin tarayya ke nan, mai buga kuɗin da kanta, ta hanyar da malamai suka amince da ita. Idan mai kuɗi zai samu kusan kashi 20 daga gwamnati yana kwance a ɗakinsa, me zai sa ya miƙa wa ma'aikaci mai mataki na 10 miliyoyinsa na shekara uku a kan babu? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mu koma kan shirin da ya sa yayana fasa tafiya Kano. Hukumar da aka kafa domin sa, CREDICORP, ba ita ke miƙa wa mutum kuɗi hannu da hannu ba. Tana bi ne ta bankuna da sauran cibiyoyin kuɗi, tana ba su jari mai sauƙi ko ta tsaya musu, domin su rage wa mai karɓa nauyi. A watan Disamban 2024 ta haɗa gwiwa da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, suka sanar da asusun naira biliyan 20 don sayen ababen hawa da aka harhaɗa a cikin gida, irin na Innoson da Nord da PAN, a kan ruwan da bai kai kashi 10 ba. Manufa ce mai kyau, kuma ina cikin masu fatan ta ɗore, domin ƙasar da ma'aikacinta ba ya iya mallakar komai sai ya tara kuɗin a dunƙule tana tura shi ne ga cin hanci. Amma a yi lissafi. Ko da a ce kowace sabuwar mota naira miliyan 20 ce, kuma ba a sayi babur ko keke mai ƙafa uku ko ɗaya daga asusun ba, motoci 1,000 ke nan, ga ma'aikatan tarayya dubban ɗaruruwa. Sannan wanda ya samu shiga, miliyan 20 a shekara biyar, ko babu ruwa sam, ya haura naira dubu 330 duk wata. Albashin mutum nawa ne a cikinmu zai ɗauki wannan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 a Yulin 2024?

Bashin da babu ƙari a kansa da gaske ma akwai shi. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da asusun tallafa wa ma'aikatan manyan makarantu, wanda malami ko ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa zai iya nema: har naira miliyan 10, babu ruwa, a biya cikin shekara biyar. Miliyan 10 ɗin ce ta shiga kanun labarai. Sharaɗin da ke biye da ita, cewa abin da za a ba mutum ba zai wuce kashi 33.3 cikin 100 na albashinsa na shekara ba, shi ne bai samu fili ba. Mai ɗaukar naira miliyan 3.6 a shekara, abin da zai samu bai wuce miliyan 1.2 ba. Kuɗi ne mai amfani, zai yi cikon ciniki ko ya sayi babur, kuma duk wanda ya cancanta ya nema. Mota dai ba zai saya ba shi kaɗai.

Inda na fi so a tsaya a fahimta shi ne bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, domin nan ne mafi yawan mutanenmu za su dosa, kuma nan ne aka fi samun rashin fahimta. Tun da Babban Banki ya fitar da ƙa'idojinsu a 2011 zamanin Sanusi Lamido Sanusi, Jaiz ya buɗe a Janairun 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Hanyar da aka fi bi wajen mota ita ce murabaha: ka nuna motar da kake so, banki ya saye ta ta zama tasa, sannan ya sayar maka a kan farashin da ya ƙunshi ribarsa, ka riƙa biya wata-wata. Akwai kuma ijara, inda motar ke zama ta banki kana biyan haya har ta koma hannunka. Ƙarin farashi saboda jinkirin biya abu ne da jumhurun malamai suka halasta muddin an yanke shi tun wajen ƙulla ciniki, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Falalar wannan hanya a fili take: farashin da aka yanke ba ya motsi ko da Babban Banki ya ƙara ma'auninsa gobe, kuma zuciyar mai saye ta natsu game da addininsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba ni da niyyar raina shi.

Sai dai halasci daban, araha daban. A ɗauki misali, lambobin nawa ne don bayani kawai. Mota ta naira miliyan 9, banki ya sayar maka miliyan 12.6, ka biya dubu 350 duk wata har wata 36. Ƙarin miliyan 3.6 ne, kashi 40 cikin 100. Mai saye yakan raba shi gida uku ya ce ai kashi 13 ne kawai a shekara. Kuskuren shi ne ba ka riƙe miliyan 9 ɗin har ƙarshen shekara ukun ba, tun watan farko ka fara mayarwa. Idan aka auna da abin da ya rage a kanka kowane wata, nauyin ya kai wajen kashi 23 a shekara. Ba zalunci ba ne, farashin kuɗi ke nan a kasuwar da gwamnati kanta ta biya kusan 20 a 2025. Amma wanda ya shiga yana zaton kyauta ce zai fito yana zagin banki a kan abin da aka rubuta masa ƙarara a takarda.

Akwai kuma abin da ba a cika ambata ba sai ranar sa hannu. Duk mai ba da mota bashi zai nemi cikakkiyar inshora ko takaful, ba 'yar takardar naira dubu 15 da muke nuna wa jami'an hanya ba. Tun Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙayyade cewa kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. A motar miliyan 9, dubu 450 ke nan a shekarar farko. A haɗa da kuɗin na'urar bin sawu, da kuɗin cike takardu, da kason farko da za a ce ka ajiye kafin a fara magana.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dillalin da ke tallata "biya sannu a hankali, babu ruwa". Tambaya ɗaya ce ke tona shi: nawa ne idan zan biya yau, kuɗi hannu? In ya ce miliyan 9, na bashi kuma miliyan 10.2, ka ba da miliyan 4 yanzu, sauran a wata 12, to abin da ya ranta maka a zahiri miliyan 5 ne, za ka mayar da miliyan 6.2. A ma'aunin da muka yi amfani da shi a sama, nauyin ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara, kusan ninki biyu na misalin bankin. Kuma galibi takardun mota da makulli na biyu suna aljihunsa har ka gama. In ya ƙi faɗin farashin kuɗi hannu, ya ce duk ɗaya ne, ka taka zuwa shagon gaba ka tambayi irin motar.

Yanzu kuma sai kuɗin jiran kansa, wanda ba ya fitowa a takardar albashi, shi ya sa ba a ganin sa. A tsakiyar Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin nan Hukumar Kwastam tana lissafin harajin shigo da kaya a kan kusan naira 422 kowace dala. A farkon Fabrairun 2024 lissafin ya haura 1,300. Tsohuwar hanyar da ta saba sauƙaƙa wa Arewa, daga Kwatano a ratsa Nijar a shigo ta Jibiya ko Maigatari, dama an haramta shigo da mota ta kan tudu tun Janairun 2017, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakokin da ya biyo baya suka ƙara toshe ta. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, kafin Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'auninta. Motar da aka yi wa yayana kuɗi miliyan 4, da ya koma wajen dillalin a tsakiyar 2024, miliyan 8.5 aka ce masa. Ajiyarsa ta ƙaru zuwa miliyan 4.3 saboda ƙoƙarinsa, amma giɓin da ke dubu 500 ya zama miliyan 4 da ɗoriya. Da ya ranci dubu 500 ɗin nan a 2023, ko da a wajen wanda ya fi kowa tsada ne, da ya gama biya tuntuni.

Adalci ya sa in ce 2023 ba ita ce 2025 ba. A 2025 naira ta ɗan samu natsuwa, ta riƙa kai-kawo a kusa da 1,500, hauhawar farashi kuma ta riƙa sauka. Wanda ya jinkirta wata shida yanzu ba lallai ya gamu da abin da yayana ya gamu da shi ba, kuma ba na cikin masu cewa a ruga a saya don gobe za ta fi tsada. Masu irin wannan magana su ne suka sa mutane suka jibge hatsi a rumbuna, farashi ya faɗo a kansu, kuma 'yan kasuwar Nguru da Gashuwa sun san wannan labari fiye da ni. Abin da nake cewa shi ne jira iri biyu ne. Akwai mai jira yana tarawa, ya san adadin da yake nema da watan da zai cika. Akwai kuma mai jiran sanarwa. Na farko lissafinsa a hannunsa yake. Na biyu ya miƙa shi ga kasafin kuɗin da bai san ranar sakinsa ba, da jerin sunayen da bai san mai rubuta shi ba.

Ina ganin tushen wannan fata tarihi ne. Iyayenmu sun ga zamanin da matashi zai gama jami'a, ya kama aiki, a ba shi rancen mota kafin ya yi aure. Sun ga kuɗin Udoji a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, har 504 ta zama alamar babban ma'aikaci. A lokacin akwai kuɗin mai, ma'aikata kaɗan ne, naira kuma ta fi dala daraja. Daga 2003, da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi, hukuma ta fara zare hannunta daga wannan hidima. Har yau muna ɗauke da tunanin wancan zamani, duk sanarwar da ta fito sai mu ji kamar shi ne ya dawo.

Akwai wani ɓangare da mazauna Abuja ba sa cika lura da shi, amma ɗan Yobe ta Arewa ba zai tsallake shi ba. A ce ma tayin ya tabbata, wace mota za a ba ka? Rangwame irin wannan a kan sababbin motoci yake zuwa, na kamfanonin da aka ƙulla yarjejeniya da su, sau da yawa da sharaɗin a riƙa kai su garejin kamfani don duba lafiyarsu. Daga Gashuwa, garejin da ya fi kusa zai iya zama Kano ko Abuja. Bakaniken Nguru ya san Golf da Sharon da Corolla da 406 kamar tafin hannunsa, kayan gyaransu kuma in babu a gari, a kira Ƙofar Ruwa a Kano da safe, su iso a motar haya kafin dare. Motar da sai an sa mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, ranar da ta tsaya maka tsakanin Jajimaji da Gashuwa, ko a yashin hanyar Machina ko Yusufari, rangwamen da aka yi maka ba zai jawo ta ba. Haka batun motoci masu amfani da iskar gas, da ake ta kwaɗaitarwa tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023: tashoshin gas ɗin a manyan birane suka taru. Sannan yankin fadama ne. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Bade ya san tsayin ƙasan mota ba ado ba ne.

Mai ma kansa lissafi ne. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a Mayun 2023 ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Zuwa Gashuwa da dawowa Nguru zai ci wajen lita 12, wato fiye da naira dubu 11 idan lita tana 950, ban da baƙin mai da taya. Mutumin da aka riga aka zare kashi ɗaya cikin uku na albashinsa tun daga IPPIS, da me zai zuba mai? Unguwannin ma'aikata a Kubwa da Lugbe da Nyanya ba su rasa motocin da aka lulluɓe da tamfol, masu su na bin motar haya, bashin kuma na tafiya.

Ga hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa kuwa, magana ɗaya ce, kuma gajeriya. Majalisa ta 10 an rantsar da ita ne a Yunin 2023, wa'adinta zai ƙare a Yunin 2027, na ɓangaren zartarwa kuma a ƙarshen Mayun shekarar. Yarjejeniyar wata 36 da aka sa wa hannu a ƙarshen 2025 za ta kai ƙarshen 2028. Ma'aikacin dindindin yana da albashin da zai bi shi har ritaya. Hadimi albashinsa na rataye da kujerar maigidansa, kujerar kuma tana hannun masu zaɓe da wakilan jam'iyya. Duk watan da ya ƙara yana jiran tayi mara ruwa, wata ɗaya ke nan ya ragu daga lokacin da yake da tabbacin iya biya. In zai saya, ya sayi wadda zai gama biyanta kafin a buga gangar zaɓe. In ba za ta yiwu ba, ya haƙura da ita gaba ɗaya, ya tara abin da zai riƙe shi bayan an sauka.

Wa ya dace ya jira ke nan? Wanda motarsa ta yanzu ke tafiya, sabuwa kawai yake sha'awa. Wanda gidansa ke kusa da wurin aiki, ba shi da mara lafiya ko 'yan makaranta da ke buƙatar zirga-zirga. Wanda bai tara ko rabin kuɗin ba, domin shi bashin da zai ci zai yi masa yawa ko a wace hanya. Waɗannan su cike takardar kowane shiri da ya fito, ba a biyan kuɗin nema, in rabo ya rantse sai a samu. Wanda kuwa ke kashe dubbai duk mako a shatar mota, ya riga ya tara kaso mai tsoka, abin da ya rage masa ciko ne, to ya nemi cikon a inda ya fi sauƙi. Kuma wurin da ya fi sauƙi, a abin da na gani, ba shi da allon talla: ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, wadda da yawansu a Arewa ke ba mambobi rance ba ƙari ko da ɗan kuɗin hidima, sai adashi, sai ɗan'uwa mai hali. Kuɗinsu ba shi da yawa, ba zai sayi sabuwar mota ba. Zai dai cike giɓin miliyan ɗaya ko biyu, wanda shi ne ainihin matsalar mafi yawanmu.

Haka yayana ya yi a ƙarshe, bayan Babbar Sallar 2025. Ya haƙura da 'yar Kwatano, ya nemi ta hannu. Wani malami da aka yi wa sauyin wurin aiki ya sa Corollarsa a kasuwa, ta girmi wadda ya so da shekara uku, fentin murfin gaba ya ƙone da rana. Ya tafi da bakanikensa suka ɗaga ta, suka duba ƙasa ko ta taɓa shan ruwa, suka tabbatar da takardun kwastam. An daidaita a kan miliyan 6.2. Ya kawo miliyan 4.6 na ajiyarsa, ya sayar da bijimi ɗaya da ya yi wa kiwo, ƙungiyar ofishinsu ta ranta masa dubu 900 da za a riƙa cirewa dubu 75 duk wata har shekara guda. Da na je gida a watan jiya, shi ya ɗauko ni daga tasha. Na'urar sanyaya motar ba ta aiki, ya ce sai bashin ƙungiya ya ƙare zai gyara. Kujerar gaba kuma an tura ta baya har ƙarshe, an ajiye matashi a ƙasa inda Inna ke ɗora ƙafarta.